Son Gaskatawa Ba Hujja Ba Ne: Darasi Daga Tsofaffin Kaset Na X-Files

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, tambayarmu ta yau ita ce: mutumin da ya yi imani da gaibu, shin wajibi ne a kansa ya gaskata duk labarin al'ajabi da aka kawo masa? In aka ce masa aljani ne ya shiga wance, ko wane ne ya kama kurwar yaron nan, sai ya ce "ku kawo hujja", imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa shi ne ya fahimci addinin? Mas'alar ba ƙarama ba ce. A kanta ake raba aure, a kanta ake korar tsohuwa daga gidan da ta tsufa a ciki, a kanta kuma yaro ke cikawa a ɗaki alhali asibiti bai fi tafiyar mashin ba.

Zan shigo mas'alar ta wata ƙofa da ba a saba gani wurin malamai ba, wato wani tsohon shirin talabijin na Amurka mai suna The X-Files. Ba fatawar kallon fim na zo bayarwa ba, wannan babi ne daban, kuma kowa ya san abin da shari'a ta ce game da ɓata lokaci da kallon abin da bai dace ba. Na ɗauko shi ne saboda an gina shi kacokan a kan tambayar tamu, kuma amsar da ya bayar ita ce amsar da da yawanmu ke bayarwa ba tare da mun lura ba.

ABIN DA KE CIKIN KASET ƊIN

An fara nuna shirin ranar 10 ga Satumba, 1993, a tashar Fox. Wanda ya ƙirƙiro shi sunansa Chris Carter. Zangon farko kashi 24 ne, kuma a shekarar 1996 kamfanin ya zaɓi 12 daga ciki ya fitar da su a kaset ɗin bidiyo guda shida, kowane kaset kashi biyu. Zamanin ne mu ma a nan harkar kaset ta fara bunƙasa, tun bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. Manya za su tuna da shagon hayar kaset, da yadda yaran unguwa ke cika tsakar gidan mai bidiyo da janareta. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, yanzu sai dai a je shago a tura wa mutum a waya. Amma tsofaffin labaran ba su mutu ba, suna ta yawo daga hannu zuwa hannu.

Labarin na wasu jami'an hukumar bincike ta FBI ne su biyu. Na farko Mulder, wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Oxford, aka jefa shi wani ofis a ƙarƙashin ƙasa tare da fayil-fayil na abubuwan da aka kasa gano kansu. Shi ya yarda da halittun wata duniya da duk wani abin al'ajabi, har a bangon ofishinsa ya manna hoton wani jirgi mai siffar faifai, da rubutu a ƙasa mai cewa yana son ya gaskata. Ta biyu Scully, likita ce, an turo ta ne musamman don ta auna aikinsa da ma'aunin kimiyya ta kai rahoto sama. A kowane kashi sai wani abu ya faru, shi ya ce daga ɓoye yake, ita ta ce a'a, bari a duba jini, a duba gawa, a duba takardu.

Kai mai karatu, in Musulmi ne kai, zuciyarka za ta karkata ga Mulder nan take. Za ka ce ai shi ne mai imani, ita kuwa 'yar boko ce mai taurin kai. To, a nan tarkon yake.

DABARAR KYAMARA

Ka lura da yadda ake tsara kowane kashi. Kafin ma a rubuta sunan shirin, an riga an nuna maka abin da idonka. Ka ga hasken da ya sauko a dajin Oregon, ka ga mutumin da ke lanƙwasa jikinsa ya shiga ta ƙaramar kafa. Saboda haka lokacin da Scully ta zo tana neman hujja, kai ka riga ka san amsa, sai ka ga kamar wauta take yi. Amma ba wauta ba ce. Ita ba ta ga abin da kyamara ta nuna maka ba. Marubucin labarin ne ya gina duniyar da mai zato kullum yake cin nasara, mai bincike kuma kullum take makara.

A rayuwa ta gaske babu wannan kyamara. Ranar da yarinya ta faɗi tana shure-shure a tsakar gida a Rawayau, babu wanda aka nuna wa farkon fim ɗin. Dukkanmu a matsayin Scully muke, mun tarar da abu ya riga ya faru, sai dai mu bi sawu. Wanda ya shigo yana rantsuwa cewa ya san abin da ya faru a ɓoye, to, ya ɗora kansa a kujerar da ba tasa ba.

Akwai dabara ta biyu da ta fi wannan haɗari. A kashin farko, ɗakin masaukin da suka ajiye hotuna da shaidu ya ƙone ƙurmus. Ɗan ƙarfen da aka ciro daga hancin wata gawa shi kaɗai ya rage, shi ma a ƙarshe wani mutum mai shan taba ya kai shi wani katafaren sito a Pentagon ya ɓoye. Haka ake yi kusan kullum, hujja tana ɓacewa a ƙarshe. Sannu a hankali mai kallo yana koyon wata muguwar ƙa'ida, cewa rashin hujja shi ne babbar hujja, tunda ai ɓoye ta aka yi. Duk maganar da aka gina a kan wannan ƙa'ida ba ta da ranar faɗuwa. In an samu shaida, ta tabbata. In ba a samu ba, ta ƙara tabbata. Ku riƙe wannan, za mu tarar da shi a ƙofar gidanmu.

DAGA INA SON GASKATAWA YAKE FITOWA?

Adalci ne a faɗa cewa a wurare biyu marubutan sun yi gaskiya, kuma duka biyun suna cikin kaset shidan nan.

A kashin da ake kira Conduit an nuna mana asalin ciwon Mulder. Ƙanwarsa Samantha ta ɓace tana shekara 8, shi yana 12, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. A ƙarshen kashin yana zaune a coci yana kuka da hotonta a hannu. Ashe duk wannan yarda da halittun sama ba daga bincike ta faro ba. In su suka ɗauke ta, to, tana raye a wani wuri, ana iya dawo da ita. In kuwa ba su ba ne, sai ya fuskanci abin da zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba.

A kashin Beyond the Sea kuma, wanda aka nuna a Janairun 1994, sai abin ya juye. Mahaifin Scully ya rasu. Ga wani fursuna mai suna Boggs da ke jiran hukuncin kisa, yana da'awar cewa yana magana da matattu. Mulder ya jarraba shi: ya ba shi wani ƙyalle a matsayin na wanda aka sace, Boggs ya rufe ido ya yi ta zuba bayani, alhali ƙyallen daga rigar Mulder ɗin aka yago shi. Amma Scully, likitar nan mai neman hujja, ita ce ta fara karkata, saboda mutumin ya yi mata alkawarin isar mata da saƙon mahaifinta na ƙarshe. Karatunta bai ragu ba. Maraici ne ya shigo.

Wannan shi ne sirrin kasuwar boka tun fil azal. Ba ya neman wawa, mai ciwo yake nema. Matar da ta shekara goma ba haihuwa, uban da aka tafi da ɗansa daji, ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, uwar da ta binne 'ya'ya uku a jere. Irin wannan zuciya ba ta iya zama da "ban sani ba". Tana son suna, tana son fuska. Boka kuwa suna yake sayarwa.

Yanzu ku dubi shiriyar Manzon Allah (SAW) a daidai irin wannan hali. A shekara ta 10 bayan hijira ɗansa Ibrahim ya rasu, a ranar kuma aka yi husufin rana. Mutane suka ce rana ta yi husufi ne saboda mutuwar Ibrahim. Ku duba da kyau: uba ne mai sabon rashi, kuma maganar ɗaukaka shi take yi, da ya yi shiru ma kawai da ta zama mu'ujiza a bakin jama'a. Amma ya miƙe ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, husufinsu ba shi da alaƙa da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Babu wanda ya kai shi imani da gaibu, kuma babu wanda ya kai shi ƙin a jingina wa gaibu abin da ba a sani ba.

BAMBANCI TSAKANIN ASALI DA AUKUWA

A nan ne nake son ɗalibai su natsu. Akwai bambanci tsakanin tabbatar da asalin abu da tabbatar da aukuwarsa a kan wani mutum ayyananne. Samuwar aljanu tabbas ce, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Sihiri akwai shi, kambun baka akwai shi. Wannan ya tabbata da nassi, mun sallama. Amma cewa "abin da ke damun Hajiya wance aljani ne", ko "wane ne ya yi mata sammu", wannan ba aya ba ce, ba hadisi ba ne. Da'awa ce ta ɗan Adam game da wani abu da ya faru ranar kaza a gidan kaza, kuma tana buƙatar hujja kamar kowace da'awa. Sata ma akwai ta a duniya, amma samuwar sata ba ta isa a ce maƙwabcinka ɓarawo ne ba.

Kuskuren shirin X-Files shi ne ya raba mutane gida biyu, mai gaskatawa da mai bincike, kamar dole ka zaɓi ɗaya. Musulunci bai yi wannan rabon ba. Littafin da ya buɗe Suratul Baƙara da yabon masu imani da gaibu, shi ne a Suratul Isra'i aya ta 36 ya hana ka bin abin da ba ka da ilimi a kansa, ya kuma sanar da kai cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye ka game da su. Shi ne a Suratul Hujurat aya ta 6 ya yi umarni da a tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, a aya ta 12 kuma ya yi gargaɗi game da yawan zato.

Su kansu aljanun fa? Suratu Saba'i aya ta 14 ta ba mu labarin rasuwar Annabi Sulaimanu (AS) yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa ba su san ya cika ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Halittar da ba ta san mutuwar wanda ke tsaye a gabanta ba, ita ce za ta gaya maka wanda ya binne maka laya shekara bakwai da suka wuce? An kuma ruwaito daga Imamu Shafi'i cewa yana soke shaidar duk wanda ya yi da'awar yana ganin aljanu, malamai suka ce yana nufin ganinsu a siffarsu ta asali. Wannan fa limamin mazhaba ne, ba ɗan boko ba.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi wa malaman tarihi irin wannan faɗa a Muƙaddimarsa. Ya kawo labarin da Mas'udi ya ruwaito cewa Iskandar ya shiga akwatin gilashi an zura shi ƙarƙashin teku don ya zano siffar dodannin ruwa. Bai tsaya kan waye ya ruwaito ba kawai, sai ya tambaya: mutum zai iya numfashi a rufaffen akwati a cikin ruwa? Sarki zai jefa ransa da mulkinsa a irin wannan kasada? Ya lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari, daga ciki akwai son rai ga wani ra'ayi, da yawan amincewa da mai ba da labari, da jahiltar yadda al'amura ke gudana a ɗabi'arsu. Duk ukun suna nan a wayoyinmu yau.

IN ZATO YA SHIGA GIDA

Kashin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Ice, wato ƙanƙara. An tura su wani sansanin bincike a Alaska tare da wasu masana, guguwa ta rufe hanya. Suka gano akwai wata tsutsa da ke shiga jikin mutum ta mai da shi mai kisa, kuma ba a gane wanda ta shiga da ido. Aka wayi gari an yanka ɗaya daga cikinsu. Nan take abokan tafiya suka zama abokan gaba, har Mulder da Scully suka ɗaga wa juna bindiga. Aka kulle Mulder a sito saboda shi aka tarar kusa da gawa. Daga baya ta bayyana ba shi ba ne, tsutsar tana jikin wata daga cikin waɗanda suka kulle shi.

Wannan hoton zargin maita ne sak. Yaro yana zazzaɓi mai zafi yana sambatu, sai ya ambaci sunan wata tsohuwa da ya saba gani. Shi ke nan, an gama shari'a. A taso ta a ce ta tsallaka shi. In ta ƙi, an ce ga shi nan ta ƙi sakin kurwa. In ta yarda don ta tsira da ranta, an ce ta amsa laifi. In yaron ya warke, ita ce ta sake shi. In ya rasu, ita ce ta cinye. Ku gaya mini, ta wace ƙofa mara laifi za ta fita? Ga muguwar ƙa'idar nan da na ce ku riƙe. Kuma ku lura da wa ake zargi: kusan kullum tsohuwa ce mara gata, ko baƙo, ko matar da ba ta da 'ya'ya maza da za su tsaya mata. Ban taɓa jin an taso mai kuɗin gari an ce ya tsallaka kowa ba. Tabon kuma ba ya tsayawa a kanta, jikokinta mata sai su rasa masu neman aure.

Shari'ar da ta ce wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba a yi masa bulala 80 a daina karɓar shaidarsa, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, yaya za ta yarda a jefi mace da cin naman mutane bisa sambatun mai zazzaɓi?

A yankinmu na Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari zato ya samu sabuwar riga, sunanta "infoma". Masu kai wa 'yan bindiga rahoto akwai su, babu mai musu, kuma sharrinsu ya isa. Amma kalmar ta zama wuƙa a hannun duk mai jin haushin wani. An ga wane yana waya a bayan gari, an ga ya sayi sabon mashin, an ga ba a taɓa gonarsa ba. A kashin ƙarshe na zangon farko, mutumin da ke tsegunta wa Mulder asirin gwamnati ya cika yana yi wa Scully wasiyyar kada ta amince da kowa. A fim wannan magana ce mai daɗin ji. A gari kuwa, ranar da kowa ya daina amincewa da kowa, 'yan ta'adda sun gama aikinsu ko ba su harba harsashi ba. Mai hujja ya kai ta ga hukuma da masu gari a bincika. Mara hujja ya kama bakinsa, Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

FAYIL NA GASKE A ZAMFARA

Ga wani lamari da ya fi duk abin da ke cikin kaset ɗin ban tsoro, kuma maƙwabtanmu ne. A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ƙananan yara suka riƙa amai da jijjiga suna suma suna mutuwa. Hatta agwagi sun ɓace daga garuruwan. A watan Maris ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mace-macen. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Sai aka ɗebi jini aka aika gwaji. Amsa ta fito: gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake kawowa gida ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gida cike yake da dalma, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Maganin kuwa shi ne aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega sai a 2013 aka share ta.

Ku yi tunani da a ce an rufe wannan fayil da cewa iska ce ke bin yara. Duk alamomin da muke kira na aljanu suna nan: jijjiga, kafewar ido, mutuwa a jere a gida ɗaya. Da an samu tsohuwar da za a ɗora wa, da an yi ta hayaƙi, yara kuma suna ci gaba da rarrafe a kan gubar. Wanda ya ce "a auna jini" shi Allah Ya sa ya zama sanadin tsirar dubbai.

Harshenmu ma shaida ne. Cutar da ke shanye ƙafar yara mun sa mata suna shan inna, saboda kakanninmu sun ɗauka Inna ce ta bori ke shanye ƙafar. Ashe ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazanta da gurɓataccen ruwa ta shiga ta baki. Da aka dage da ɗigon rigakafi, a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali.

AMMA MALAM...

Na san wani zai ce: Malam, ai wani lokacin mai zargin ne ke da gaskiya, ruwa ba ya tsami banza. Haka ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To, amma yaya maganar ta fito fili? Jaridar Washington Post ce ta bi diddigi ta wallafa a Disambar 2000, aka fito da takardu, aka je kotu. Bincike ne ya tono ta. Da kuma zato tsagwaronsa ya karɓi ragama a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan uzuri ne. Amma yaran da suka gurgunce a tsakani su suka biya kuɗin gudun.

Wani kuma zai ce: to, kana hana ruƙiya ke nan? Allah Ya kiyaye. Ruƙiya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata sunna ce, ka yi wa kanka, ka yi wa iyalinka, ko ciwon na jiki ne ko na ɓoye, ba ta buƙatar sai ka san sunan abin da ke damunka. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu, wadda ke zuwa daga miyagun ruhohi da wadda ke zuwa daga jiki, ta biyun kuma ya ce fagen likitoci ce. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ruƙiya kotu. A ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata 'yan sakandare a Kano suka shiga wani hali da aka danganta da aljanu, daga wannan zamani ruƙiyar taron jama'a ta yaɗu, aka shiga naɗar hirar mai ruƙiya da "aljani" ana saurare a gidaje. Yau abin ya koma bidiyo a TikTok da Facebook. Ana haska fuskar 'yar mutane ba mayafi tana birgima, ana tambaya "wa ya turo ka?", murya ta ce kishiya ce, ko uwar miji. Ko da mun sallama aljanin ne ke magana, hadisin Nana A'isha (RA) a Bukhari ya nuna mana cewa kalma ɗaya ta gaskiya suke haɗawa da ƙarya ɗari. Wane alƙali ne zai raba zumunci da shaidar wanda nassi ya riga ya tabbatar maƙaryaci ne, ba a ga fuskarsa ba, ba a kuma iya rantsar da shi? Masu X-Files dai sun gaya maka wasa suke yi. Namu kuwa da sunan addini ake sayar da shi, mutuncin mara lafiya shi ne hajar.

ABIN DA YA KAMATA

In abu ya faru a gidanka da ka kasa ganewa, ka fara da Allah: addu'a, Falaƙi da Nasi, Ayatul Kursiyyu. A lokaci guda ka ɗauki mara lafiya zuwa asibitin Kurfi ko Dutsin-Ma, in abin ya fi ƙarfinsu a tura ku Katsina. Jijjigar yaro mai zazzaɓi ba ta jiran gobe. Farfaɗiya tana da maganin da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita in an dage da sha. Taɓin hankali ciwo ne, akwai asibitocinsa a Dawanau da Barnawa da Kware, mari da bulala ba sa warkar da shi. Duk wanda ya ce zai gaya maka wanda ya yi maka asiri, ka tashi daga gabansa ko da carbinsa ya kai ƙasa, domin hadisin Muslim ya nuna cewa zuwa wurin mai duba a tambaye shi yana hana karɓar sallar kwana 40. Bidiyon da aka ambaci sunan wani a ciki kuma, in ya iso wayarka, ya mutu a nan.

Sannan ka koya wa harshenka cewa "ban sani ba, Allah ne Masani". Malamanmu sun ɗauki wannan kalma rabin ilimi. Tana da nauyi ga mai ciwo, na sani, domin zuciya tana son a nuna mata wanda za ta tsana. Amma mumini yana da abin da Mulder ya rasa: ya san akwai ranar da za a buɗe kowane fayil a gaban Wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi, saboda haka ba dole ne ya rufe shi yau da sunan maƙwabcinsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinSa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.